Zane Daga Bukuru

Takardar ta iso fes, babu ko ɗigon shayi a jikinta. Abin da ya fara ɓata wa Gwadabe rai ke nan.

Shekara da shekaru shi da Dantong suna ƙera akwatunan ƙarfe na sauya wuta daga NEPA zuwa janareto. Dantong, ma'aikacin lantarki, yakan tsuguna a shagon Gwadabe da ke kasuwar Katako ya zana da alli a kan fallen ƙarfe, Gwadabe ya yanka ya lanƙwasa, suna musu har azahar. Bayan rikicin gari Dantong ya kwashe iyalinsa ya koma Bukuru, bai ƙara tako unguwar ba. 'Yarsa Kaneng, wadda ta karanci kwamfuta, ta samo wata manhaja ta kyauta. A ba manhajar tsawo da faɗi da kaurin falle, sai ta shimfiɗe akwatin a takarda, ta nuna kowane rami da kowace lanƙwasa. Kaneng ce ke kawo zanen, don ita ba ta ɗauki tsoron da ya kama manya ba.

Kowa ya ce Allah ya kawo sauƙi, tunda aiki bai tsaya ba, kuma ba wanda ya taka inda yake shakka. Gwadabe dai ya ga sauƙin nan zai raba shi da amininsa har kabari.

Ranar nan ya huda ramin makunni a gefen da ba shi ba.

"Baba, ba nan ramin yake a zane ba," in ji Kaneng.

"Kwamfutarku ce ta rikice."

"Ba ta rikicewa, Baba."

"To ni na rikice. Ki ce wa ubanki ya zo ya nuna mini da yatsa."

Mako ya zagayo, ta dawo ita kaɗai. Gwadabe ya leƙa bayanta, sannan ya karɓi sabon zanen. Ya duba sama, ya duba ƙasa. An yage kusurwa ɗaya.

"Ina awon zurfin?"

"Cikakke na buga shi. Babana ne ya yage wurin, ina kallo." Ta sunkuyar da kai. "Ya ce ƙafarsa ba ta iya Katako tukuna. Wai in kana son awon, yana shago kullum."

Ko an rufe masa ido Gwadabe ya san zurfin akwatin nan. Ya lanƙwasa irinsa ba adadi. Ya daɗe yana shafa bakin yagar da babban yatsa. Shi ma rabonsa da hanyar Bukuru tun wancan lokacin.

"Tsohon banza," ya ce a hankali. "Ya san ba na aiki da ƙiyasi."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya karkaɗe hularsa.

"Motar Bukuru, har yanzu a tashar Taminus ake hawa?"