Kofi Kawai Zai Ɗauko

Iska na kaɗa tamfol ɗin tallan kamar za ta fizge shi daga hannun Wendell. Shekara goma sha tara ke nan yana hawa allunan bakin babban titin birnin Toledo yana ɗaura tallace-tallace, na lauyoyi, na katifa, na soyayyar kaza, bai taɓa tsayawa ya karanta ko ɗaya ba. Shi dai a ja igiya a sauka.

"Ja ɓangarenka mana, tsoho!" in ji Rufino, abokin aikinsa. "Ko barci kake a tsaye?"

Wendell ya ja, hoton ya miƙe. Wani uba ne a kicin ya ɗaga hannu zuwa kabad, 'yarsa a gefe ta takure, ta kare kanta da hannu biyu. A ƙasa an rubuta: Kofi kawai zai ɗauko. Wa ya koya mata tsoro? Sai lambar waya.

Ya tsaya cak yana kallon hoton. Ko da safiyar nan Odessa, 'yarsa mai shekara takwas, haka ta yi sak da ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa. Har dariya ya yi mata, wai ta cika tsoro kamar ɓera.

"Lafiya? Ka ga fatalwa ne?" in ji Rufino.

"Ba komai," in ji Wendell.

* * *

A mota ya yi ta kare kansa a zuci. Ai tarbiyya ce. Ubansa da bel yake duka, shi kuwa hannu ne kawai, kuma tun da uwar yarinyar ta tafi komai a kansa yake. Amma lambar nan tana can sama, da hannunsa ya ɗaura ta, balle ya ce bai gani ba. Ya buga.

"Ina so in kawo ƙarar wani mai dukan 'yarsa."

"To, muna jin ka," in ji wata mata a hankali. "Ka san shi?"

"Ni ne."

* * *

Wata biyar yana zuwa zaman ba iyaye shawara duk Alhamis, ma'aikaciyar kula da yara kuma tana leƙo su. An maye gurbin tallan da na katifa, shi da kansa ya sauke shi, ya naɗe ya ajiye a gareji. Bai san wanda ya ƙirƙiro shi ba, amma har zuciyarsa yake gode masa, don ba domin shi ba da yarinyar ta girma tana gudun inuwar ubanta.

"Baba, wai me ya sa ka sauko da kofuna daga saman kabad zuwa ƙasa?" Odessa ta tambaya wata safiya.

"Kafaɗa ke damuna."

"Tsufa dai!" Ta miƙo masa nasa.

Ya ɗaga hannu sannu a hankali zai shafa kanta. Ta runtse ido, kafaɗunta suka ɗage, amma ba ta matsa ba.