Dunƙulen Taurarin Ximena

Ximena Olguín ta daɗe tana bin wata ƙaramar galaksi, wato tarin miliyoyin taurari, mai dushi-dushi da ke makwabtaka da tamu, har abokan aikinta a La Serena suka riƙa kiran galaksin 'yar Ximena. Abin da take nema a gefenta shi ne dunƙulen taurari, irin tsofaffin nan da ke cure wuri guda kamar curin fura, dubun dubbai a dunƙule ɗaya. A hoto kuwa ɗigo ne kawai, ba ka rabe shi da tauraron kusa ko wata galaksi ta can nesa. Sai an auna gudunsa. In yana tafiya tare da galaksin, nata ne.

Sau biyu kwamitin rabon lokacin kallo yana hana ta babban madubin hangen nesa, wai galaksin ta yi ƙanƙanta da ta riƙe komai. Da aka ba ta a karo na uku, ƙanƙara ta rufe hanyar dutsen da madubin yake kai. Ta koma gida ta yi kukanta, ta sake nema. A karo na huɗu ta samu aka yi awon.

Baltazar Quiroga, wanda suke ofis ɗaya tun suna ɗalibai, bai taɓa ɓoye shakkarsa ba. Kullum yana tsokanarta cewa ƙurar da ke kan gilashinta take ƙirgawa.

Sakamakon awon ya iso wata la'asar, ana tsakiyar shan shayi da burodin marraqueta da aka shafa wa avokado. Ximena ta ajiye kofinta ta buɗe shi a allon kwamfuta. Ɗigon farko tauraron kusa ne, na biyu ma haka. Baltazar ya tura mata farantin burodi. Na uku ya zo da gudun galaksin daidai. Na huɗu haka. Tana gangarawa suna ta fitowa.

"Zo ka ga ƙurar tawa, mutumina," in ji ta.

Ya jawo kujera ya ce ba zai yarda ba sai ya sake lissafin da kansa. Ta matsa ta ba shi wuri. Ya daɗe yana yi, shayinsa ya huce, can ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Comadre, ƙawata, na sha ƙasa. Amma dubi waɗannan na gefen kudu. Baya suke juyawa."

Ta leƙa. Gaskiya ne, wasu daga cikin dunƙulen suna kewaya galaksin ta inda sauran ba sa bi. Ximena ta san ma'anar wannan: baƙi ne, ba 'yan gida ba. Ƙaramar galaksin da aka raina ta taɓa haɗiye wata, ta gaje mata taurari.

Kafin a tashi aiki labari ya zaga ginin. Dattijo Don Evaristo, tsohon shugaban sashen wanda ya zauna a kwamitin da ya hana ta, ya sauko da sandarsa, ya tsaya a bayanta yana kallon allon. Ya tambaye ta madubi na dare nawa take so a baɗi. Ta faɗi adadin da ita kanta ta ga ya yi yawa. Tsohon ya ce ta ninka shi, shi zai tsaya mata.