Jinkar Inna Agafia

Ɗigon farko a goshin Inna Agafia ya sauka. Ta buɗe ido, ta dubi jinkar ɗakin, ta ce da ni, "Varvara, matsar min da gadon nan, ko ki kawo sabulu mu gama wankan gaba ɗaya."

Uwar mijina ce, tari ya kwantar da ita tun kaka. Na ja gadon, na tara tukunyar tuwon masara, amma babu kusurwar da ba ta yoyo.

Abin haushin, ciyawar kacalar da za a baibaye ɗakin da ita tana nan a fadamar bayan gidanmu, ta fi mutum tsayi. Tun da hukuma ta kafa jajayen turaku ta ce fadamar ta zama gandun tsuntsayen kwasakwasa, lauje ya haramta a cikinta. Kuma hukumar nan ɗaya ta hana mu rufin kwano, wai zai ɓata wa ƙauyen kamanninsa a idon baƙi. Mu yi jinka, kada mu yanki ciyawa. Na rasa gane ko da gashin kanmu suke so mu yi ta.

Kacala kuwa sai ruwan kogin Danube ya daskare ake yankanta, a kan ƙanƙara. Ga ƙanƙarar ta fara laushi.

"Gobe zan shiga," in ji Nichifor, mijina. "Tsuntsayen ma ba sa nan. Wa zan tsorata, kifi?"

Inna ta sa na ɗauko mata tsohon shuɗin siket ɗinta. A nan kowane gida da launin tsumman da yake ɗaure daminsa da shi, don kada a cakuɗa a kan ƙanƙara. Tana tari tana yagawa, tsiri-tsiri, har ya ƙare.

* * *

Kwanaki muna yanka, hannu duk ya tsage. Muna jan dami na ƙarshe sai ga Costel, mai gadin gandu, cikin koriyar rigarsa. Ɗan ƙauyen nan ne, Inna ce ta karɓi haihuwarsa.

"Yaya Nichifor, ka wuce turke."

"Turken ne ya wuto ni, Costel. Ni a nan ya same ni."

"Doka ce, ba ni na yi ta ba."

Na nuna masa can gefen fadama, inda motoci ke zuba tsakuwa ana gina masaukin baƙi. "Su waɗancan fa? Ko kwasakwasa ba ta jin ƙarar inji sai ta lauje?"

"Anti, su an fitar musu da filinsu daga cikin gandu."

"Wa ya fitar?"

Ya dubi takalminsa. Kafin la'asar motar hukuma ta zo ta kwashe damman kaf. Baƙin ciki ya hana ni ko kuka. Bayan 'yan kwanaki ƙanƙara ta narke.

* * *

Inna ba ta ga bazara ba. Ruwan Maris ya jiƙa katifa, tarin ya sauka ƙirji. Costel na cikin masu ɗaukar akwatin gawarta, bai yarda mun haɗa ido ba.

Da masaukin ya buɗe, na kai musu kifi ta ƙofar baya. Jinkarsa sabuwa fil, kauri kamu biyu, ko ɗigo ba zai ratsa ba. Baƙi na tsaye a baranda suna ɗaukar hoton tsuntsaye.

Ina jiran mai girki na ɗaga kai. A ƙarƙashin jinkar, inda masu baibaya ba su damu su gyara ba, wani tsirin shuɗin tsumma na reto. Can gaba wani, sai kuma wani.

"Baiwar Allah, me kike kallo?" in ji mai girkin.

Na ce, "Siket ɗin surukata."

Ta yi dariya, ta karɓi kifin, ta rufe ƙofa.