Ciwon Matakala Ta Hamsin

Shekara talatin Herminia Tapia ta yi tana ɗauko kifi daga bakin teku a birnin Valparaíso, ta hau da shi unguwarsu ta kan tudu, matakala ɗari da sittin. Tana cika shekara sittin da uku ƙirjinta ya fara kama ta. Kullum wajen matakala ta hamsin sai ta ji kamar an ɗaure ta da igiya. Takan sauke kwando ta jingina da bango har ya sake ta, ta ƙarasa sauran lafiya lau. Ko ƙanwarta Rosalba, da suke gida ɗaya, ba ta gaya wa ba.

Wata Talata da hantsi ciwon ya ƙi saki. Gumi ya jiƙe ta sharkaf, hannun hagu ya yi nauyi, masu wucewa suka kwashe ta sai asibiti.

Bayan an buɗe mata jijiyar da ta toshe, likitar zuciya, wata siririyar mata mai suna Ximena, ta zo da hoton zuciyar a hannu, ta kira ta Doña, yadda ake girmama manyan mata a can.

"Doña Herminia, yaushe ciwon nan ya fara?"

"Yau."

"Zuciyarki ba haka ta ce ba."

Rosalba, da ke gefen gado, ta zaro ido. "Yaya! Ashe ɓoye min kike yi?"

"Wata takwas," in ji Herminia, tana kallon silin.

Likita ta nuna hoton. "Babbar hanyar jini ta toshe gaba ɗaya, amma tsokar zuciyar da ta mutu kaɗan ce. Duk lokacin da jini ya ɗan yanke mata ya dawo, tsokar takan koyi jure ƙarancinsa, ta rage ɓarnar ƙarfi. A hankali kuma ƙananan jijiyoyi suka buɗe ta gefe, suna kai mata ɗan abin da ya samu."

"To kin ji, Rosalba. Taurin kaina ne ya cece ni."

"Taurin kanki saura ƙiris ya kashe ki," in ji likita. "Ba kowa ke dacewa haka ba. Da kin zo tun farko, da ko wannan kaɗan ɗin ba ki rasa ba."

Herminia ta ce, "Yaushe zan koma hawa?"

"Matakala goma a rana, ba kwando. Da magani."

Goman ta yi, Rosalba na biye da ita tana mita. Ta yi ashirin, ta yi arba'in. Ranar da jiki ya ƙi, ta zauna ta yi kuka, washegari ta sake fita. A wata na biyar ta kai ƙofar gida da ƙafarta.

Wata safiya ta tarar da maƙwabcinsu Nibaldo, mai gyaran takalma, ya tsaya a tsakiyar hawa dafe da ƙirji.

"Iska nake sha, Doña," ya ce.

"Ka ji tsohon maƙaryaci! Tun yaushe?"

"Shago fa a buɗe na bar shi."

"Rosalba za ta rufe."

Ta kama shi a gwiwar hannu, suka sauka a hankali, ta tare tasi ta tura shi ciki, ta shiga ta ja ƙofa, sai asibiti.