Pansama a Ƙafar Mota

Duk wanda ya iya ɗaure jijiyar mutum ya iya gyaran mota. Mota jiki ce: tana da hanji, tana shan ruwa, tana tari da safe. Abin da ya raba likita da bakanike bai wuce wankin hannu ba. Malam Barnabas, mai ɗaurin miki a asibitin mishan, shi ya gano haka, kuma ga shi kwance ƙarƙashin motarsa a hanyar Buza, ƙafafunsa kaɗai ake gani, yana tabbatar wa duniya.

Motar ya saye ta ne a hannun wani Bature mai komawa gida, wanda ya zubar da hawaye ranar rabuwa da ita, ba a dai tantance ko na baƙin ciki ne ba. Tun daga Madawa birki ke laushi. A gangaren farko Barnabas ya taka, ƙafarsa ta nutse kamar ya taka kunu. Yashin wata ƙorama ne ya tsayar da su, cikin ladabi.

"Maigida, mi ka gani?" in ji matarsa Lydia, tana rungume da wata babbar kwalba.

"Jini take zubarwa. Jijiyar ƙafar baya ta tsage. Miƙo mini akwatin aiki."

Tabotaki za su, bikin sunan jaririn da aka haifa wa ƙanenta Isaka. Tun da Lydia ta auri Barnabas ta shiga majami'a, wannan ne karo na farko da danginta suka aiko mata da goron biki. Babu wanda ya yi mata gori. Matan gidan jira kawai suke su ga abin da matar mai mota za ta sauke. Ita kuwa ta soya gyaɗa, ta niƙa, ta matse da hannunta har ta cika kwalbar nan da mai garai-garai, na mai jego.

Barnabas ya goge bututun birkin da auduga, ya naɗe shi da tsohuwar roba, ya yi masa pansama mai kyau, wato ɗaurin miki, irin wadda Bature likita kan yaba. Ya fito yana kakkaɓe riga.

"An tsai da jini. Saura ƙarin jini."

Ya ɗauko gwangwanin man birki da Baturen ya bar masa kyauta, ya girgiza. Shiru. Ya dubi sama, ya dubi yashi, sannan ya dubi kwalba.

"A'a," in ji Lydia.

"Cokali guda, uwargida. Mai ai mai ne."

"Wanga na Altine na, matar Isaka. Ita ta haihu, ba motarka ba."

"In ba mu isa ba, wa za ki ba?"

Tambayar tana da gaskiya, abin da ya fi ba Lydia haushi ke nan. Ya tsiyaya cokalinsa, wanda ya kai rabin moɗa. Sai ya zaunar da ita a kujerar direba don a fitar da iska daga bututu, shi kuma ya koma ƙasa yana ba da umarni.

"Taka! Riƙe! Saki!"

Lydia ta taka da duk fushinta, birki ya yi tauri. Ta tarar abin da daɗi, har ta ɗan juya sitiyari ba a sa ta ba.

Suna cikin haka wani dattijo, Ɗangana, ya iso bisa jakinsa. Ya san Barnabas, don ya taɓa ɗaure masa saran fartanya.

"Sannu, likita! Ya mai jiki?"

"Tana jin magani, Baba."

"Madalla. In ta cika a aiko muna, mu zo zana'ida."

Ba ta cika ba. Ta tashi, ta hau dutse, ta sauka. Sai dai pansama, kamar kowace pansama, tana jiƙewa. Man yana ɗiga bisa ƙarfe mai zafi, motar ta ɗauki ƙamshin ƙosai, har karnukan wata ruga suka raka su da fata nagari. Kafin kowane gangare Barnabas kan tsaya duba marar lafiya, ya nemi cokali guda. Ƙasar Adar kuwa Allah bai rage ta da gangare ba. A wata tsayawar Ɗangana ya sake cim musu, ya shaƙi iska.

"Likita, ku ba ni na dala, da yaji."

Lydia ma sai da ta yi dariya.

Da rumbunan Tabotaki suka bayyana, ta ce a tsaya ta sake tufa. Barnabas ya taka birki, mota ta tsaya cak. Ya waiwayo yana jiran yabo. Ta zagaya bayan mota, ta ɗaga kwalbar ga rana: abin da ya rage bai isa soya ƙwan zabuwa ba. Ta kwance ƙunshinta. Ga sabuwar atamfa, ko ruwa bai taɓa ta ba, wadda ta yi niyyar shiga gidan ubanta da ita. Ta daɗe tana shafa ta. Sannan ta ninke ta, ta sa cikin tasa, ta rufe da faifai.

"Ba ki sake zanen ba?" in ji Barnabas.

"Wanga ma ya isa. Mu tahi."

Isaka ya taro su da gudu. "Yaya! Ashe kin zo!" Maza suka kewaye mota suna leƙa ƙafar mai pansama. A cikin gida Altine ta buɗe faifai, ta warware atamfa, mata suka rangaɗa guɗa. Gogo Yelwa, ƙanwar mahaifin Lydia, ta murza bakin zanen, ta gamsu, sannan ta dubi wanda ke jikin Lydia, mai ƙura da tabon mai.

"Ke kuwa, ɗiyata, matar mai mota, haka kika zo?"

"Hanya ce, Gogo."

Ta bayan darni muryar Barnabas na tashi, yana yi wa maza bayanin aikin dalla-dalla. "Kuma ku ji, ko tamma ban kashe ba!"

Lydia ta juya gefen tabon zuwa ciki, ta gyara ɗauri, ta miƙa hannu a ba ta jariri.