Saki Uku a Tsohon Fim

A 2013 abokin karatunmu Ukasha ya sayo faifan wani tsohon fim ɗin barkwanci a kasuwar Ataba, baƙi da fari, na zamanin da talauci ya durƙusar da Amurka. Mu huɗu ɗaliban fiƙihu muka zauna kallo, amma ko murmushi babu wanda ya yi. Attajirin fim ɗin ya saki matarsa sau uku, ta jefe shi da faranti, suka mayar da aurensu ba ta auri wani ba.

Ukasha ya fusata, ya kai ƙara wurin malaminmu.

Malam ya ce, "Yalla, maza kawo min su gobe."

"Allah gafarta Malam, ai sun mutu tuntuni."

Malam ya gyara zama. "Subhanallahi! To, wa ya raba gadon?"