Kakannin Ango Ba Su Taɓa Riƙe Hauya Ba

Duk garin Matsinkai ba wanda bai haddace tarihin Ango ba, don kullum a majalisa sai ya biya shi. Wai kakanninsa mayaƙa ne, da takobi suka kafa gari a kan tudun nan na bakin fadama, ba su taɓa wulaƙanta hannunsu da hauya ba. Da wannan tarihin yake jayayya da maƙwabcinsa Sadisu kan gonar tudun, gonar da ke cika wa Ango rumbu duk shekara.

Da Malama Raudatu ta zo daga jami'a da ɗalibanta za su haƙa kufan da ke tudun, Ango har fura ya kai musu. Ya tabbata takubba za su fito, bakin Sadisu ya mutu.

Aka fara haƙa. A sama aka sami fasassun tukwane da ƙonanniyar dawa. Ango ya ce ai na bayi ne, a ƙara ƙasa. Aka ƙara, sai ga ruwan hauya duk tsatsa, da gindin rumbun gero, da ƙasusuwan awaki. Ya ce barorin gida ne, manya suna can ƙasa. Can ƙasan kuwa dutsen niƙa ne, da ɓuntun shinkafa, da ƙayar kifi. Daga nan sai jar ƙasa, ko kibiya ɗaya babu.

Malama Raudatu ta yi wa mai gari Ɗanaudu bayani a majalisa cike da murna: mutanen farko shinkafa suka noma a fadama suna kamun kifi, na bayansu suka koma gero suka yi kiwo, na ƙarshe suka kawo dawa. Ita ba ta ma san ana rigima ba.

Mai gari ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya juya.

"Ango, ba kai kac ce kakanninka ba su taɓa riƙe hauya ba?"

"Ranka ya daɗe, ai magana ce ta hira..."

"Mun ji ta hwa, har mun gaji. To ƙasa ta yi shaida, manoma na tun daga sama har ƙasa. Waɗanga ba naka ba na. Sadisu, kai hwa?"

Sadisu ya buɗe tafin hannunsa, duk kanta. "Mu dai noma munka gada, ranka ya daɗe."

Nan take Ango ya tuno wani kakansa da yakan ɗan taɓa noma idan yaƙi ya lafa. Majalisa ta kece da dariya, aka ba Sadisu gona.

Ango ya koma gida zuciyarsa kamar ta fashe. Matarsa Mariya ta saurare shi tsaf, ta leƙa rumbu ta ga saura kaɗan, sannan ta sauko da tsohon takobin da ya sayo a kasuwar Illo ta miƙa masa.

"Ungo, jikan mayaƙa. Tai ka yaƙo muna abin tuwo."